Motar Burodi a Gaban Alƙali

Ni ne magatakarda. Aikina rubutu.
Abin da aka faɗa shi nake zubawa a takarda,
ba na ƙara gishiri, ba na rage yaji,
shekara goma sha tara a kujera guda.

Ran Talata aka shigo da Tanimu,
direban gidan burodi a Sabon Gari,
hula a hannu, fulawa a gashin gira.
Laifinsa uku, in ji ɗan sanda:
ya bi hannun da ba nasa ba a Kwangila,
an ɗaga masa hannu ya wuce,
ya danne ham tun daga Fizet bai saki ba,
kamar mai jiniya, alhali ba shi da ita.

Alƙali ya gyara tabarau, ya buɗe littafi.
Doka ta ƙirga 'ya'yanta, in ji shi:
motar asibiti,
motar kashe gobara,
motar 'yan sanda in tana bakin aiki.
Su ake buɗe wa hanya.
Taka wacce ce a ciki?

Ranka ya daɗe, tawa ta burodi ce.
Ƙofar bayanta ma da igiya muke ɗaurewa.
Da sassafe injin kwaɓi ya kama hannun Iro,
yaron da ke juye mana buhu.
Muka kira lambar da ke manne a bango,
ta yi ta ƙara, sai ka ce kiran mai bin bashi.
Sai muka kifar da tire goma sha biyu,
burodi da zafinsa, kajin layi suka yi sallah.
Muka shimfiɗa buhu, muka kwantar da shi.
Asabe mai shara ta yage ɗankwalinta,
ta ɗaure masa damtse har da haƙori.

Tsakanin Sabon Gari da Shika
ban san akwai nisa ba sai ranar.
A Kwangila tirela ta mace a gabanmu.
Na kalli madubi,
na ga leɓen yaron ya koma toka.
Wallahi ban tuna da littafinka ba.
Da na dawo, ni na tsaya da kaina,
na miƙa wa wannan bawan Allah makulli.

Kotu ta yi tsit. Fanka kaɗai ke magana.
Can a titi wata jiniya ta keta,
baƙar jif mai baƙin gilashi,
kowa ya san ɗaurin aure za ta.
Ba wanda ya kalli wani.

Alƙali ya juya shafi, ya sake juyawa,
yana neman layin da zai ɗauki motar burodi.
Babu.
Doka ta san fenti, ta san fitila mai juyi,
ta san lamba, ta san hatimi,
amma ba ta leƙa taga
ta ga wane ne a kwance.

Ya ce, in kowane mai sauri ya zama motar asibiti,
Kwangila za ta koma maƙabarta.
Gaskiyarsa. Na rubuta.
Tara, naira dubu biyar. Na rubuta.

Sai ya cire tabarau, ya rage murya:
Yaron fa?
Yatsu uku suka rage, ranka ya daɗe,
amma jiya ya sha koko da kansa.
Wannan ba a ce in rubuta ba.

A fom akwai gurbi ɗan mitsitsi:
nau'in mota.
Alƙalamina ya daɗe a kansa
har tawada ta taru ta ɗiga.
Na rubuta: bas, fara.

Yanzu in ina kan babur ɗina da safe
na ji wannan ham mai shaƙaƙƙiyar murya,
sai in kauce, in sauke ƙafa a ƙasa.
Ta wuce, da igiyarta tana lilo,
ta bar ni da ƙamshi.