Ruwan Sama na Aro

Malama Thackray ta jera mana a allo:
waƙar kewa mai kukan jita tana da ƙa'idojinta.
Mawaƙi ya yi tafiya shi kaɗai,
hannu a aljihu, ƙeya ga kyamara.
A samo taga, a samo ruwa mai gangara a jikinta.
A zare launi, a bar fari da baƙi.
In da madubi, a fasa.
Muka kwafe tsaf, ko wasali ba mu bari ba.

Kyamarar kwaleji ce, mai lamba sha ɗaya,
an ɗaure murfin batirinta da salatif.
A dawo da ita kafin ƙarfe huɗu,
in ji Mista Oldroyd, yana kaɗa makullai.

Cleethorpes, ranar Talata.
Garin da ruwa ke sauka ba sallama,
ranar da muka neme shi ya yi ɓatan dabo.
Rana ta fito tarwai, ko kunya babu.
Bryony ta jawo tiyon lambun kakanta,
ta hau durom a bayan shagon soyayyen kifi,
ta zama hadari.
Fergus na ƙasa cikin kwat ɗin yayansa,
hannun rigar ya haɗiye masa yatsu,
yana motsa leɓe a kan muryar wani,
wayata na rerawa daga cikin kofi don ta ƙara amo.

Na ce, ɓata rai.
Ya tuntsire da dariya.
Sau goma sha huɗu muka ɗauka.
A na tara kare ya shigo ya sha ruwan samanmu.
A na sha biyu wata tsohuwa mai jan keken cefane
ta tsaya tana tambayar ko rasuwa aka yi.
Madubin da muka saya fam biyu a gwanjo
sau uku yana shan siminti, ko tsagewa bai yi ba.
Ashe roba ne.

Da dare, ni da kwamfuta da shayin da ya huce,
ina yanka, ina liƙawa,
ina rage gudun tafiyarsa
har kowane taku ya yi nauyin buhu.
Ya yi kyau. Ya yi kama da dubu irinsa.
Duk abin da allo ya nema yana nan,
mutumin ne kawai babu.

Can a wutsiyar ɗauka ta ƙarshe
na tarar da daƙiƙa tara da ban san da su ba.
Na manta ban kashe ba.
Hoton a karkace, rabinsa katanga.
Fergus zaune a bakin teku yana matse safa,
kunnuwansa jawur don sanyi.
Ya ɗaga kai wajen fankokin iska na cikin ruwa,
inda mai kwat ɗin ke aiki tun Fabrairu,
ya ja wuyan rigar zuwa hanci,
ya shaƙa.
Leɓensa a rufe. Ba wanda ya ce masa yi.

Na zare wa wurin launi, ya koma ɗan allo,
maraya irin na kowace waƙa.
Na mayar da jan kunnen, ya dawo Fergus.
Haka na bar shi, ɗigon ja a tsakiyar toka,
daidai inda ganga ke ɗauke numfashi.

Takardar bita na tambaya:
kun bi al'adar salon, kun faɗaɗa ta, ko kun bijire mata?
Kalma ɗari takwas.
Na rubuta cewa zanen aro ba ya rufe katara,
na goge, don ba gaskiyar duka ba ce.
Ba don aron ba, da me za mu fita?
Ba don ƙaryar ruwan ta jiƙa shi sharkaf ba,
da bai zauna matse safa ba.

Malama ta ba mu maki mai dama-dama.
A gefe, da koren biro, ta rubuta:
ruwanku daga hagu kaɗai yake zuba.
Fergus ya kalla sau ɗaya, bai ce uffan ba,
sai a tashar bas ya tambaye ni
ko fayil ɗin zai iya tafiya ta waya
zuwa inda sabis ke wuya.