Gari da Ruwa

Ƙarfe huɗu da rabi Sista Obduliya ke jan igiyar ƙararrawa.
Dusar ƙanƙara ta kwana a duwatsun Teruwel,
ta toshe hanyar mai kawo mana madara.
Mu tara muka rage
a gidan da aka gina don mutum talatin.

Shekara arba'in da ɗaya ina buga ƙofa guda.
Na shigo da kitson ƙuruciya da akwatin kwali,
mahaifina na tsaye bayan tagar ƙarfe yana murza hularsa,
bai ce zauna ba, bai ce mu koma ba.
Na ce masa, Baba, kira aka yi.
Shekara uku addu'a ta yi mini zaƙin zuma,
daga nan Mai kiran ya yi gum.

Na durƙusa har katako ya haddace gwiwata.
Na rera zabura kamar mai tauna ƙaiƙayi.
Na kai kukana wurin Fada Anselmo,
tsoho mai tari, mai warin taba a riga.
Ya ce, "Apoloniya, mai haƙa rijiya,
gwargwadon nisansa, gwargwadon ƙanƙantar samansa.
Koma bakin aikinki."
Mako guda ina jin haushinsa.

Aikina gurasar bagade.
Gari da ruwa, ba gishiri, ba yisti.
In dama, in zuba a kaskon ƙarfe, in danne,
in yanka ƙanana, farare, kamar ƙwandala,
dubu uku kowane mako
don majami'un ƙauyukan da ban taɓa takawa ba.

Ranar Talata ce. Ba idi ba, ba azumi ba.
Haƙorina na ciwo,
ina lissafin kuɗin wuta da ba mu biya ba,
hannuna a cikin kwano har wuyan hannu.

Ban ga haske ba, kada a rubuta cewa na gani.
Ban ji murya ba.
Mai buga ƙofar ce kawai na nema na rasa,
ƙofar ma babu,
babu waje da zan tsaya in ce a buɗe.
Yana nan, kusa fiye da ciwon haƙorin,
kusa fiye da wadda ke jin ciwon.
Na so in ce "Kai", kalmar ta yi nisa.
Na so in ce "ni", ba wanda ya tashi ya amsa.
Ƙauna ce ke numfashi,
ban san ƙirjin wa take ɗagawa ba.

Ƙauri ne ya dawo da ni.
Sista Herminiya ta faɗo da tsumma a hannu:
"Kin ƙona kasko guda, kina tsaye kamar gunki!"
Agogo ya ce minti goma sha biyu.
Ban yi masa gardama ba.

Da yamma Uwar gida Kasilda ta kira ni ɗakinta.
Ta ce, "Faɗa mini, amma a hankali."
Na koma madafa na ɗauko ragowar kwaɓin,
na ajiye a gabanta na ce, "Uwa, ciro mini ruwan."
Ta daɗe tana kallon kwanon.
Ta ce, "Kada ki manta ke gari ce."
Na ce, "Har gobe gari ce, ban zama ruwa ba.
Sai dai ba sauran ƙwayar da ta bushe."
Ta ce, "To. Gobe ki je a cire haƙorin nan."

Bai sake zuwa haka ba, yau shekara shida.
Zabura ta koma ƙaiƙayi, wasu ranakun.
Mun binne Obduliya, igiyar ta dawo hannuna.
Nakan ja ta cikin sanyi, yatsuna sun ƙage,
ba don in tashe Shi ba,
ba don Ya buɗe ba.
Mu takwas ne, kuma ana jiran gurasa a ƙauye.