Ƙarfe Ma Yana Gajiya

A Tawa, ajinmu yamma yake kallo.
Bayan la'asar rana kan shigo ta taga,
ta zauna kan allon zanena ba sallama.
Mushe Nomau yana zaga teburori,
fensir a bayan kunne, alli a gwiwar wando.
Ba ya faɗa. Yatsa kawai yake ɗorawa
inda layina ya yi kauri,
ni kuwa in nemi abin gogewa.

Shi ya koya mana duban abu sau uku:
ta gaba, ta gefe, ta bisa.
Ya ce wanda ya ga fuska kaɗai
bai san ƙusa ba, balle mutum.
Abin da ke ciki, wanda ido bai kai ba,
a ja shi da layi guntu-guntu,
kamar sawun zabuwa a rairayi.

Ran Laraba sandar injin niƙan Inna Tsahara ta karye.
Mata suka juya da gero a ka,
turaman unguwa suka farka daga dogon barci.
Na naɗe guntayen a tsumma na kai aji.

Mushe ya juya bakin karayar wajen haske.
Ya ce, ku matso.
Nan sumul yake, da zobe cikin zobe
kamar an yanka albasar Galmi.
Tsagar ta shekara tana rarrafe,
kowane juyi ta ci gaba da ƙwayar gero.
Nan kuma kaushi, kamar an fasa kanwa:
wannan aikin ƙiftawar ido ne.
Mutane za su ce yau ta karye.
Yau dai ta faɗa.
Ƙarfe ma yana gajiya.

Daga nan ban ƙara jin darasi ba.
Babana Illo na gani,
shekara goma sha bakwai yana tura amalanke a Abijan,
kowace damina ya dawo da sabulu da atamfa
da dariyar da ake ji tun daga bakin rijiya.
Shekarar da ya zauna a ƙofar gida
buta ta gagare shi ɗauka,
masu gaisuwa suka yi ta cewa,
jiya-jiya fa lafiyarsa lau.
Ta gaba muka dube shi, mu duka.
Babu wanda ya ja masa layi guntu-guntu.

Ashe daga kafaɗar sandar tsagar ta tashi.
Maƙerinta ya bar kusurwa mai kaifi,
nauyi duka can yake taruwa
kamar bashi a ɗakin babban ɗa.
Maganin bai kai ya kawo ba:
lanƙwasa, milimita uku,
don nauyin ya sami hanyar wucewa.

Daren nan wuta ta ɗauke.
Ƙanwata Rakiya ta riƙe mini fitilar waya
har hannunta ya sage, ta sauya, ta yi tsaki.
Na auna, na goge, na sake aunawa.
Na bar rata tsakanin sanda da gidanta,
ba ta kai silin gashi ba.
In ta matse, su ƙone juna;
in ta yi yawa, su kwana suna faɗa.

Agali mai injin feƙe ƙarfe, bayan tasha,
ya karɓi takardar da hannun baƙin mai.
Ya daɗe yana kallo.
Wannan 'yar lanƙwasar fa, ɗan lakwal?
Na ce, don ta daɗe.
Ya ce za ta ƙara dala ɗari.
Inna Tsahara ta dube ni, ta dubi takardar
da tambarin babban yatsansa a kai,
ta kwance bakin zane.

Yanzu da asuba injin kan tashe ni.
Wasu na tsine wa ƙararsa.
Ni kwance nake ina saurare,
sannan in tashi in karɓi tulun daga kan innata
tun ba ta ce komai ba.