Mamurɗi Na Uku

Jitar Baba ta girme ni da shekara biyu.
Ƙirar alif ɗari tara da sittin da shida ce,
ja, amma jan ya koɗe ya koma na tsohon bulo.
Gishirin iskar Santos ya ci mata jaki,
tsatsa ta tare a kan notina
kamar ɗan haya da ya daina biya.

Mamurɗan murya uku gare ta a ƙirji.
Biyu na nan, da launin haƙorin mashayin taba.
Gurbin na ukun sandar ƙarfe ce tsirara,
tun kafin mu kai Baba makwanci.

Na bi motar asuba zuwa Sao Paulo,
yayyafi na lasar gilashi.
A titin masu kayan kiɗa
wani yaro ya zube mini sababbi a tafin hannu,
farare fat, ba su taɓa jin gumin yatsa ba.
"Jiƙa shi a kofi kwana uku, Dona Jurema,
ba mai ganewa."
Na ce ni zan gane.

Aka ce to sai Nivaldo,
hawa na biyu, saman mai gyaran takalma.
Tsoho ne, tabarau biyu rataye a wuya,
gwangwanayen biskit jere har rufi,
kowane da shekararsa a goshi.
Bai tambayi sunana ba.
Ya ɗora farce a gefen mamurɗi yana ƙirga tsaga,
leɓensa na motsi kamar mai addu'a.
"Na shekarar nan tona lambobinsu aka yi,
na bayansu bugawa ce.
Ba ni da shi. Je ki, zan saurara."

Wata huɗu.
Na share kabari, na biya kuɗin wuta,
na daina duba waya, na koma dubawa.
Sai ga shi daga Curitiba,
daga hannun wata da mijinta ya bar mata
jita mai karyayyen wuya,
naɗe a jarida, ƙarami kamar goron biri,
rawaya daidai da 'yan'uwansa.
Rabin albashina ya tafi, ban yi ciniki ba.

Nivaldo ya hura shi, ya saita, ya danna.
Ya ƙi shiga.
Ya sake dannawa. Sandar ta fi ramin kauri.

Ya canza tabarau, ya kwance murfin,
ya haska cikin da tocila:
waya mai rigar zare kore,
dalma dunƙule-dunƙule kamar kashin awaki.
"Wannan ba hannun kamfani ba ne.
Hanjin rediyo ne."

Sai kicin ɗinmu ya dawo mini.
Shekarar da rediyon kan firji ya yi shiru,
Mama ta yi mako tana ajiye wa Baba wake da shinkafa
ba tare da ta dube shi ba.
Ran Asabar ya wanke man jirgi daga hannunsa,
ya kaɗa wa 'yan dako har gari ya waye,
ita ce kuma ta fara tashi rawa.
Mamurɗin nan baƙi ne, na tuna,
baƙi, da ɗigon azurfa a tsakiya.
Ni ce na ciro shi na yi wa 'yar tsana hula.

"In fid da wannan tarkacen?" in ji Nivaldo.
"Ina da na asali, har wayar."
Hannunsa ya riga ya kai gwangwanin sittin da shida.

Na ce bar shi.
Na karɓi rawayan na jefa a aljihu,
ya yi ƙara da makullan gida.
Na ce, wane gwangwani ne na rediyo,
na saba'in da huɗu?

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.
"Wannan sai ƙanena, can ƙetaren gada.
Ba ma magana, kada ki ce ni na aiko ki."

Na rungumi jitar na sauka.
Yayyafin bai tsaya ba.