Ƙullin Gidanmu

Shekarata ta biyu ke nan a Shika
ina koyon aikin ƙashi.
Inna ta ce, "Kai karatunka ba ya ƙarewa ne?
Ba an ce ka zama likita ba?"
Na ce an ce, Inna.
Amma takarda daban, hannu daban.

Wanda bai sani ba sai ya ce kafintoci ne mu:
ga zarto, ga guduma, ga ƙusa,
sai dai namu katakon yana numfashi,
yana da uwa zaune a baranda
ta zuba tagumi.

Dakta Barau, babbanmu, ba ya yabo.
In ka yi daidai ya ce "uhm."
Wata goma sha huɗu ƙafa kawai nake riƙewa,
ina ja, ina ja, har kafaɗata ta mutu,
shi yana ɗaura ƙarfe yana tambaya,
"Wace jijiya ce ta bi ta bayan nan?"
In na rasa amsa, shirunsa ya fi mari.

Daren Laraba, ruwan farko na bana.
Mun gama da 'yan acaɓa biyu
da aka kwaso a Kwangila,
na zauna gaban shayin da ya huce,
Sista Rifkatu ta leƙo: "Likita, taso."

Yaro ne, Tanimu, ɗan shekara tara.
Mangwaro ya hau da hantsi, reshe ya ci amanarsa.
An kai shi ɗori.
Yanzu damtsen ya kumbura ya yi tauri,
yatsu sun yi sanyi,
in ka miƙe ɗaya sai ya ƙwalla ƙara.

Na ɗauki almakashi zan yanke tsumman,
sai na tsaya.
Kara bakwai, an fere su daidai wa daida,
ƙulli biyu a sama, na uku a juye.
Na san wannan ƙullin.
Da shi aka ɗaure ƙwaurina ina ɗan shekara shida.
Na kakana ne, ya bar wa Kawu Iro
tare da zauren da tabarmar
da kwalbar man shanu.

Ban ce wa kowa komai ba. Na yanke.

A ɗakin tiyata wuta ta ɗauke,
janareto ya yi tari sau biyu kafin ya kama.
Dakta Barau ya duba hannun, ya dube ni,
ya miƙo wuƙar ta wajen ƙota.
"Kai za ka tsaga."
Na tsaga daga gwiwar hannu zuwa tsintsiya.
Naman ya bulbulo, ya yi duhu kamar hanta.
Muka tsaya. Ba mai magana.
Sannu a hankali ja ya soma dawowa
kamar garwashin da aka hura.

Bayan asuba na koma gadonsa.
"Tanimu, gaishe ni da ɗan yatsa."
Ya ɓata fuska, ya yi nishi,
manuni ya ɗan rusuna.
A bayana na ji "uhm."
Ban san yaushe ya shigo ba.

Jibi Juma'a zan shiga Birni.
Zan tuɓe takalmi a ƙofar zaure,
in durƙusa gaban mutumin
da ya miƙar da ƙafafun da ba su ƙirguwa,
wanda da kuɗin ɗori ya saya min littafin farko
mai hoton ƙwarangwal.
Ta ina zan fara?
Cewa ƙashi yana son ɗauri, Kawu,
amma jini yana son hanya.
A bar wurin da yatsa ɗaya zai shige.

Kara guda na ajiye daga cikin bakwai ɗin.
Yana aljihun farar rigata,
kusa da biro.