Daren Da Muka Kalli Kunnuwan Mati

A Harbo, shekarar da aka rufe kasuwanni,
awaki suka yi sati uku ba su ga dillali ba,
Ɗan'asabe ya danna wa gidan kallonsa kwaɗo biyu.
Amma daren nan sai ya fito da talabijin tsakar gida,
ya kife turmi, ya ɗora ta,
ya ce, "Wannan ba taro ba ne, shan iska ne."

Muka yi karo-karon fetur, kwalba ɗaya da rabi.
Malamin asibiti ya auna mana taku huɗu-huɗu
tsakanin tabarma da tabarma.
Kafin a gama tallan sabulu
mun cure kamar kaji a akurki, har da shi.

Sai ga zauren kyautar fina-finai.
Fitilu ja da shuɗi,
kujeru jere, babu mazauna,
kamar masallacin Juma'a ranar Talata.
Ana tafi, ba a ganin hannuwa.
Inuwa tela ya ce, "Tafin nan sa shi ake yi,
ku saurara, akwai mai tari a ƙarshensa,
sau uku ke nan yana yin tarin."

Lantana kwalliya ta zo gani,
ga jaruma an ɗaure mata rabin fuska da ƙyalle.
"Kai, asarar jan-baki!"
Wani ya karɓi tasa kyautar daga falonsa,
hoto ya tsaya, baki a buɗe,
ya daɗe haka,
da ya motsa sai ga yaro ya gifta da buta.
Muka yi dariya har Barau ya ƙware,
muka juya muka dube shi,
ya ce, "Gyaɗa ce, wallahi gyaɗa ce."

Can aka rage fitila,
aka jero sunayen waɗanda suka rasu.
Wannan dattijon da ke fitowa a mai gadi, ashe ya tafi.
Baba Ilu ya shiga lanƙwasa yatsu:
Malam Sabo, Kande ungozoma, Ali mai faci.
Ya ce, "Namu ba su da allo."
Ba wanda ya tanka.
Sauro kaɗai.

Gwaggo Tabawa ba ta kallo, ba ta taɓa ba.
Sanda ta dogaro ta zo
don an ce mata za a kira Mati,
Matinta da ke Kano wata bakwai, hanya a rufe,
mai riƙe doguwar sandar nan ta ɗaukar murya
da ba a yarda ta fito a hoto.

Aka kira sunan, aka karya shi, aka gyara.
Wani ya taso cikin babbar riga mai kama da ta aro,
takunkumi har ƙarƙashin ido.
Inuwa ya ce ba shi ba ne.
Ta ce, "Rufe mini baki.
Ga kunnuwan ubansa nan a tsaye,
ga ƙafar da jaki ya taka."

Ba a miƙa masa ba, a tebur aka ajiye, ya ɗauka.
Ya matso, ya gyara murya,
ya ce, "Ina godiya ga..."
janareta ta yi tari biyu
ta mutu.

Duhu. Sai taurari, sai warin hayaƙi.
Barau ya ce maigidansa zai gode wa.
Lantana ta ce akwai wata yarinya a Fagge.
Ɗan'asabe yana girgiza tanki kusa da kunne.

Gwaggo ta laluba sandarta, ta miƙe.
Ta ce, "Ya rame.
Amma da ƙafarsa ya hau."
Ta ce wani ya haska mata hanya,
akwai kuka da daddawa da za ta ɗaure
ko Allah zai sa direba ya samu wucewa.

Mati ya zo gida da kaka.
Har yau ban tambaye shi ƙarshen maganar ba.