Darasi na Tara

An ce kyauta ne. Na yarda.
Sai dai data ba ta ji wannan labari ba,
haka ma mai cajin waya na bakin titi,
ko sau uku ka gaishe shi, sai ka biya.

Ni ne Tanimu. Shekara goma sha ɗaya a masaƙar Kakuri,
har ranar da aka sa wa ƙofa kwaɗo.
Yanzu gadi nake a Barnawa.
Ƙarfe ɗayan dare, sa'ad da data ke araha,
nakan buɗe makaranta a tafin hannu,
ina koyon haɗa wutar sola.

Malamin farko, Turancinsa
kamar ruwan Agusta a kan kwano.
Sau bakwai na mai da shi baya bai yi fushi ba,
wannan kam na yaba masa.
Amma ya cinye mini minti ashirin
kan yadda ake share ƙanƙara daga faranti.
Ƙanƙara, a Kaduna!
Ni da damuwata kashin tantabarun maƙwabci.

Na biyu ya sa jar waya a gurbin baƙa.
Na bi shi ido rufe.
Batirin Bitrus ya yi hayaƙi,
wata biyu ina biya.
Wa zan kai ƙara?
Ba shi da unguwa, ba shi da mai unguwa,
sunansa ma rabinsa lambobi ne.

Ta uku mace ce, daga wata ƙasa mai zafi irin tamu,
ina jin carar zakara a bayanta.
Magana take kamar mai tsince shinkafa,
ɗaya bayan ɗaya.
Darasi takwas na sha a hannunta.
Na tara, aka rubuta: yana nan tafe.
Na duba kwanan wata, shekara huɗu ke nan.
Ko lafiya?
Ko ita ma datar ce ta ƙare?

Wani wuri na ci jarrabawa, tamanin da shida.
Na nemi takardar shaida, aka ce dala.
Na lissafa a bayan kwalin sauro,
albashina bai kai ba.
Rijiya ta bayar, guga ya hana.

Darasi na tara a Panteka na same shi,
wurin wani dattijo mai ƙonannen yatsa
da bai san akwai na ɗaya ba.
Ya ce, "Riƙe nan. A'a, nan."

Ran Asabar shagon Kuluwa ya kama wuta,
wutar kirki, ba irin ta Bitrus ba.
Firjinta ya yi gurnani, zoɓo ya yi sanyi.

Daren jiya na jingina waya da buta,
gilashinta a tsage,
na faɗi na taran da Hausa, a hankali.
Mutum goma sha biyu suka gani.
Ɗaya, daga Rigasa, ya rubuto:
"Malam, yaushe na goma?"

Na daɗe ina kallon kalmar farkon.